Kwali Guda, Kilo Ashirin

Da asuba nake isa ɗakin sanyi,
kafin Sammani ya lalubo makulli,
in tsaya ina sauraron janareto
yana tarin da ya kwana yana yi.
Kullum ni ne na farko daga Gwagwarwa.

Kwali guda, kilo ashirin.
Haka aka rubuta tun ina saurayi,
haka aka rubuta yau da furfura ta cinye gemu.
Sikeli bai yi ƙarya ba, na gwada shi.
Nauyi na nan, a ƙirge ne damuwa.

Shekarar da aka haifi Mudassir,
in na fasa kwali, talatin da biyu nake samu,
kowanne kamar damtsen maƙeri,
gadon bayansa da zane baƙi-baƙi
kamar rubutun allo da aka fasa wankewa.

Jiya na ƙirga hamsin da bakwai.
Na goge ido na sake. Hamsin da bakwai.
Yaron shago ya ce, "Baba, ai riba ce,
kifi ya ƙaru!" Na dube shi kawai.
Wani yawan, sunansa raguwa.

Ni ban taɓa ganin teku ba.
Isiyaku direba, mai jawo mana kaya daga Ikko,
ya ce ruwa ne da ba shi da ƙetare,
ga gishiri, ko jaki ba ya sa baki.
Ya ce jirage na jan wata koma
da za ta lulluɓe Fagge ta taɓo Sabon Gari,
su kwashe uwa, su kwashe 'ya,
har jikan da ke jiran haihuwa.

Ban yi masa musu ba, na san irinta.
Ubana Ɗanjuma da gora ya tsufa,
da koma da mamari a bakin Challawa.
Ya taɓa ɗauro giwan ruwa a keke,
wutsiya na sharar ƙasa tun daga Panshekara,
gida bakwai suka ci, aka kai wa liman kan.
Ƙanana kuwa sai ya mayar da su,
ya ce, "Je ka, ka turo mini babanka."
Mu yi ta dariya muna tsalle a ruwa.

Sai kogin ya fara sauya riga,
ja ran Litinin, shuɗi ran Laraba,
da warin jima daga bakin bututu.
Ƙarfasa ta riƙa tasowa ciki a sama,
ko shirwa ba ta kulawa.
Ya rataye koma a zaure, ɓera ya gaje ta.
Ya kama gadi a kamfanin da ke gefen kogin,
ya juya wa ruwan baya a kan benci,
a haka har mutuwa.

Da hantsi Lantana mai tuwo ta zo,
ta ɗaga guda da yatsu biyu.
"Malam Hudu, wannan kifi ne ko asuwaki?
Da, gida huɗu nake yanka shi,
yau daga kai sai wutsiya, sai gaisuwa."
Na ƙara mata ɗaya gyara,
ta karɓa ba godiya, ni ma ban sa rai ba.
Kowa da abin da ya fito nema kasuwa.

La'asar ta yi, ƙanƙara ta saki.
Ruwa na ɗiga daga tebur zuwa kwata,
daga kwata ya nemi Jakara.
Na dangwala a harshe, lami.
Ko gishirin garinsu bai iso Kano ba.

Saura ɗaya a kwali, ƙaramin cikinsu,
bai kai tsawon tafin hannuna ba,
zanen bayansa ko gama fitowa bai yi ba.
Na ɗauke shi, na ji bakina ya motsa:
"Je ka, ka turo mini babanka."
Na duba gabas, kwalta. Na duba yamma, kwalta.
Babu inda zan sake shi.
Na sa shi a leda, na kai gida,
Mudassir ya cinye a loma biyu
yana tambaya ko akwai ragowa.